“Ba ta tauna magana”: yabo ne ko zagi?

Yau da faɗa na zo. Ba da wani baƙo zan yi shi ba. Da mu zan yi shi, har da ni mai rubutun.

A garin da nake koyar da yaƙi da jahilci akwai bankin hatsi. Ba zan faɗi sunan garin ba, don gobe da mutanensa zan gaisa. Da kaka kwamiti ya sayi buhu 60 aka zuba a mangaza, don a sayar wa ƴan gari da rahusa in damina ta kama, rumbuna sun ƙare. Cikin kwamitin akwai wakiliyar mata. Ɗalibata ce. Ta girme ni nesa, Inna nake ce mata. Shekara 2 ke nan da ta fara riƙe alli. Rubutunta har yanzu manya-manya ne, yana hawa yana sauka kamar hanyar jaki, amma lissafinta ba ya kuskure. Ran da aka zuba hatsi tana tsaye bakin ƙofa da ɗan littafinta. Kowane buhu ya wuce ta ja layi. Da aka gama ta rubuta 60, ta sa kwanan wata.

Ana gab da shuka ta shiga mangaza shara. Ta ƙirga, ta ga 53. Ba a ko buɗe saye ba tukuna. Ta yi shiru. Bayan kwana 5 ta koma da jikarta mai zuwa makarantar boko, suka sake ƙirgawa. 53. Ta sami mai riƙon mabuɗi a gidansa da dare, ta tambaye shi tsakaninta da shi. Ya ce mata idonta ne ya fara tsufa.

Sai ran taron gari, ƙarƙashin dogon yaron ƙofar maigari. Sakatare ya karanta cewa komai lafiya lau. Inna ta miƙe daga can bayan mata, ta buɗe littafi, ta ce: “Maigari, ranka ya daɗe. An zuba buhu 60. Yau 53 ke ciki. Ina 7?” Ta zauna. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ba ta ce ɓarawo ba.

Kafin magariba gari ya ɗauka. Bakinta ba linzami. Garaje gare ta. Ba ta tauna magana. Aka aika wa mijinta ya ja mata kunne. Maza 5 suka hana matansu zuwa aji, wai karatu yana sa mace tsaurin ido. Washegari ta same ni ina goge allo. Ta ce: “Malam, wai ni ba ni tauna magana. Wata ta faɗa mini tana dariya tana riƙe da hannuna. Wani ya faɗa yana tofar da yawu. Maganar kuwa guda ce. To yabo ne ko zagi? In zagi ne in bar karatun, don ba ni so in tsufa da baƙin suna.”

Ban ba ta amsar kirki ba ran nan. Na yi ta kewaye-kewaye. A wurin taron ma ina zaune, na san ƙirgarta daidai ce, na sunkuyar da kai ina wasa da ƙasa. Ni baƙo ne a garin, kuma gidan da nake kwana na ɗan uwan mai mabuɗi ne. Amsar da na kasa ba ta, ita ce nake rubutawa yau.

Inna, yabo ne. Waɗanda suka faɗa don su zage ki sun yabe ki ba su sani ba. Amma kalma guda cikin abin da suka faɗa ƙarya ce tsagwaronta. Ita ce garaje.

An ɗaure mana abu biyu wuri guda ana sayar mana da su tare, kamar mai cusa ƙaiƙayi a tsakiyar buhu. Faɗin magana kai tsaye daban, garaje daban. Mai magana kai tsaye ya san abin da zai faɗa, sai dai ba ya naɗe shi cikin tsumma. Mai garaje bai san abin da zai faɗa ba sai ya ji shi ya fito daga bakinsa. Na farko yana awo kafin ya yanka. Na biyu sai ya yanka yake neman ma'auni. To wadda ta ƙirga sau 2, ta kai shaida, ta bi mutum har gida da dare don ta rufa masa asiri, ta jira taro fiye da kwana 20, ina garaje a nan? Ta tauna maganar har muƙamuƙinta ya gaji. Abin da suke so shi ne ta haɗiye.

Hausa da kanta ta raba waɗannan abubuwa, mu ne muke cakuɗa su. In yaro ya faɗa rijiya, wani ya tuɓe riga ya bi igiya bai tsaya shawara ba, muna cewa zafin nama gare shi. In wuta ta kama danni kusa da rumbuna ba a kiran taro. In mai naƙuda tana zubar da jini, wadda ta sa aka ɗaura amalanke aka nufi likita, ba ta jira maigida ya dawo daga kasuwa ba, ita ce mai hankalin gidan. Wannan hanzari ne, kuma yabo ne. Amma wanda ya ji ƙishin-ƙishin ya ɗauki sanda, zafin kai gare shi. Nama daban, kai daban. Haka mai gaskiya daban, mai katoɓara daban. Duk wanda ya haɗa maka su cikin kalma guda, duba hannunsa da kyau.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi tare. Buhu guda tiya 40 ne. 7 sau 40, tiya 280 ke nan. Gidan da ke cin tiya 2 a yini, wannan hatsi zai kai shi kwana 140. Wato tun daga shuka har a ci sabon hatsi, da saura. A watannin da wasu mata ke dafa ganyen tafasa da anza don yara su samu su yi barci, abin da aka so Inna ta rufe da kunya ke nan.

In kuka ji an kira mutum mai baki, kada ku yi saurin duban bakinsa. Ku dubi wanda ya raɗa masa sunan. Mi zai rasa in an saurari maganar? Da namiji mai rawani ne ya miƙe ya faɗi abin da Inna ta faɗa, da an ce namijin duniya ne, ba ya tsoron kowa. Da mai kuɗi ne, da an ce shi haka Allah ya yi shi, ba shi da rufa-rufa. Mace ta faɗa, ya zama fitsara. Yaro ya faɗa, ya zama rashin tarbiyya. Talaka ya faɗa, a ce rigima yake nema. Buhu 7 ɗin kuwa suna nan 7, ko wa ya faɗa.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. Ku tambayi tsofaffin Magarya da Matamai da ƙasar Maradi labarin zamanin gujiya. Manomi ya kawo kayansa kan jaki ko raƙumi, a ɗora bisa sikeli. Mai awo shi ke duba lamba, shi ke faɗa, shi ke rubutawa. Manomi yana tsaye kamar kallo ya zo. Takarda da tamma take magana, shi kuwa da dala yake lissafi, sai an raba da 5 kafin su haɗu. In ya ce a sake awo, a ce ya cika gardama, a ture buhunsa gefe har rana ta faɗi. Wanda ya karɓi abin da aka miƙa masa ya yi godiya, shi ne mutumin kirki. A 1962 aka kafa UNCC, hukumar ƙungiyoyin manoma. Daga 1966 aka fara barin manoma su riƙe kasuwannin gujiyarsu da kansu, su zaɓi mai awo da marubuci daga cikinsu. To wane irin mutum gari ke bukata a bakin sikeli? Wanda zai dubi lamba ya faɗi abin da ya gani ko gaban wa. Halin da aka zaga jiya, shi aka shiga nema da fitila.

Shiru ma yana da kuɗinsa, sai dai ba mai shirun ke biya ba. A yunwar 1973 da 1974 hatsin taimako ya shigo ƙasar nan daga waje. Wani ya kai ga mayunwata, wani ya ɓace a hanya ya ɓullo a kasuwa. Ran 15 ga Afrilu 1974, da sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, maganar hatsin nan tana cikin manyan dalilan da suka bayar. Buhu ba ya tafiya da ƙafarsa. Akwai mai ɗorawa, akwai direba, akwai mai gadi, akwai marubuci. Dukansu da idanunsu. Da yawa suka tauna suka haɗiye, suka tsira da sunan kirki. Waɗanda suka biya kuɗin kirkin nan su ne irin makiyayan da suka taru a sansanin Lazare, gefen Yamai, bayan dabbobinsu sun ƙare.

Har a manyan al'amuran ƙasa haka abin yake. Ran 28 ga Satumba 1958 Faransa ta tambayi ƙasashen da take mulki: za ku zauna cikin tarayya da ni, ko za ku ɗauki ƴancinku yanzu? Jibo Bakari, wanda ke shugabantar gwamnatin Nijar a lokacin, shi da jam'iyyarsa Sawaba suka ce a'a, ƴanci yanzu. Masu adawa suka ce ya yi gaggawa, ƙasa ba ta shirya ba. Faransa ta sa nauyinta duka a gefen i, kuma i ta yi rinjaye. Ya bar mulki, a 1959 aka haramta Sawaba. Ba a cika shekara 2 da ƙuri'ar ba, ran 3 ga Agusta 1960, aka yi bikin ƴancin nan da aka ce gaggawa ne. Ban kawo wannan don in raba gardamar dattawa ba, don har yau in aka taɓo ta sai shayi ya huce ba a sha ba. Abin da nake so ku gani shi ne, sunan da ake ba mai magana, sau da yawa wanda ya yi rinjaye ne ke raɗa shi.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini ido da ido. Malam, so kake ka kashe kunya. Mu da kunya aka san mu, da kara, da haƙuri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Magana zarar bunu ce. Gari ƙarami ne, mai mabuɗin nan surukin wane ne, kawun wane ne. In aka tsinka shi a bainar jama'a zumunci ya tsinke, zumunci kuwa ya fi buhu 7.

Maganar nan tana da nauyi, ba zan yi mata dariya ba. Ni ma cikinta aka raine ni. Uwata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, kuma ban taɓa ɗaukar wannan jahilci ba. A garin da rijiya guda ce, maƙabarta guda ce, dole a iya zama da juna. Wanda ka kunyata yau, wataƙila shi zai ɗauki makararka gobe.

Amma kakannin da suka koya mana kunya ba wawaye ba ne. Sun san ɗakin da ba shi da ƙofa ba ya zaunuwa, sai suka bar ƙofofi. Jika yana gaya wa kakansa abin da ɗa ba zai iya gaya wa uba ba. Taubashi yana tare ka a tsakiyar kasuwa ya ce kai marowaci ne, ka yi dariya, amma ka ji. Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, suna faɗa wa juna abin da in wani ne ya faɗa sai an kai ga alƙali. Wannan wasa har UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ta gada, a 2014, da sunan Nijar. A wasan kara samari suna kwaikwayon sarki da kwamandan da alƙali, gari yana dariya, manya suna kallo. Duk wannan mi ne ne in ba hanyar gaya wa babba gaskiya ba? Ashe al'adarmu ba ta ce a haɗiye ba. Cewa ta yi a san ƙofar da za a bi.

To wace ƙofa aka bar wa Inna? Ta bi ta dare, an ce idonta ya tsufa. Tana iya yin habaici a bakin rijiya, ta ce ɓerayen bana har da buhu suke ɗauka, mata su yi shewa, a watse. Habaici yana sanyaya zuciya, ba ya maido hatsi. Bankin hatsi abu ne na lamba. Don ta ƙirga aka zaɓe ta. Taron kuwa don jin lissafi aka kira shi. In ba a faɗi lamba a nan ba, ina za a faɗe ta? Zumuncin da ake kuka a kansa kuma, wa ya fara tsinka shi? Wadda ta ƙirga, ko wanda ya buɗe mangaza ba da sanin kwamiti ba? Ban ji an aika wa kowa ya ja masa kunne ba. Kunyar da ake nema wurin wanda aka cuta kaɗai, ba a nemanta wurin wanda ya yi cutar, ni ban yarda sunanta kunya ba.

Yanzu bari in juyo kan waɗanda ke karanta wannan suna gyaɗa kai, suna cewa Malam ya faɗi halinmu. Ku dakata. Akwai irinku a kowane gari. Mutum ya bugi ƙirji: ni ba ni ɓoye-ɓoye, abin da ke cikina shi ke bakina, wanda ya ji haushi ya sha ruwa. To wa kake gaya wa gaskiyar taka? Matarka, gaban kishiyarta, cewa tuwonta ya yi gudaji. Ɗan ƙwadagon da ke maka noma. Almajiri. Ƙanenka da ke cin tuwon gidanka. Na sha ganin irinku gaban ɗan kasuwar da ke binku bashi, ko gaban jandarma a kan hanya. Nan bakin yake zama zuma, har da cire hula. Gaskiyarku gangare kaɗai ta sani, ba ta taɓa hawa tudu ba. Ai ruwa ma yana yin haka, ba wanda ya kira shi jarumi. In an ce maka ba ka tauna magana, kai kam zagi ne, kuma ka ci shi.

Ni ma na taɓa zama cikinku. Shekarata ta farko da fitowa daga makarantar horon malamai, a wani gari daban, ina ji da kaina. Akwai wani dattijo a ajina, maƙeri. Wata 3 yana fama da b da d, yana juya su. Ran nan na gaji. Na ɗaga allonsa sama gaban mutum 20, har da surukinsa a ciki, na ce: “Baba, kai kam kanka ba ya ɗauka.” Aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya gama darasi, ya yi mini sai da safe. Bai sake dawowa ba. Da mai duba aikinmu ya tambaye ni, na ce ai gaskiya na gaya masa, ni ba na munafunci. Ƙarya nake yi. Gajiya ce da zafin kai na sa wa rigar gaskiya. Maganar ma ba gaskiya ba ce. Mutumin da ke ƙera hauya da ido, ba ma'auni, ta zauna daidai a ƙota, kansa yana ɗauka. Ni ne ban iya koyarwa ba. Har yau in na bi ta garin yana gaishe ni da fara'a daga maƙera, kuma fara'ar nan ta fi mini zagi ciwo. Ku haɗa biyun ku gani. Gaban maƙeri bakina ya buɗe. Gaban maigari ya rufe. Inna kuwa, da ba ta taɓa ɗaga murya ga ƙaramar ɗaliba a aji ba, gaban maigari nata ya buɗe.

Garaje na gaske kuwa, kada wani ya ruɗe ku cewa ado ne. Mutanen ƙasar Maradi ba su manta Toda ba. A watan Oktoba 1991 rikicin gona da dabbobi ya tashi tsakanin manoma da makiyaya. Labari ya bazu, jama'a suka ɗauki makamai. Aka kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara Fulani, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. In saurayi ya girma ana yi masa kirari cewa shi ba ya jira, shi ba ya tambaya, irin wannan rana ake shirya masa.

Yau kuma garaje ya sami doki. Saƙon murya ya shigo waya ta WhatsApp. Ba ka san mai maganar ba, ba ka san garin ba, ba ka san ko na bana ne ko na shekara 5 da suka wuce ba. Kafin ka gama saurare yatsa ya tura wa mutum 30. In aka yi maka magana ka ce kai ba ka ɓoye gaskiya. Wace gaskiya? Ka ƙirga? Ka koma ka sake ƙirgawa da shaida? A cikin gida ma, saki nawa aka yi da dare cikin fushi, da safe a shiga bin malamai ana neman mafita, yara suna tsaye suna kallo?

Ku da ke cikin kwamitin banki, ko na rijiya, ko asusun mata, ko na iyayen yara a makaranta, in kuka ga abin da bai yi daidai ba ku bi sawun Inna. Ku rubuta lamba da kwanan wata tun ran farko, tun ana dariya da juna. Ku sake dubawa da wani. Ku sami mutumin shi kaɗai. Wataƙila yana da bayani, wataƙila ya gyara a ɓoye kowa ya huta. Ku kwana a kan maganar. In duk wannan bai yi ba, ku miƙe a taro ku faɗi lambar, ku bar uwar mutum da kakansa a gida. Bayan haka duk sunan da aka raɗa muku, ku amsa.

Ga inda maganar ta tsaya a garinmu. Maigari bai ce uffan ba a taron, amma bayan kwana 3 ya sa aka buɗe mangaza gaban dattawa. 53. Mai mabuɗi ya ce shi ba sata ya yi ba, rance ya ba wasu ƴan uwa da suka matsu, da niyyar su maido da kaka. Wataƙila haka ne. An maido buhu 4. Saura 3 an rubuta su bashi, da suna da kwanan wata. An sayo kwaɗo na biyu aka ƙara a ƙofa. Mabuɗinsa ba a ba Inna ba, wai za ta cika fitina, wani dattijo aka ba. Ba wanda ya yi mata godiya a fili. Tana nan tana zuwa aji. Yanzu muna kan rabawa, ta ce ta fi ƙirgar buhu wuya.

Cikin mata 5 da aka hana, 3 sun dawo. Saura 2. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci zan sami mazansu, kowa a zaurensa. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na karanta sau 3, na soke layi 2. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai gidan da nake kwana.